Amsa ga ƙanena da ya kama ɗalibi da satar jarrabawa, yanzu kuma aka kira shi komisariya

Assalamu alaikum ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ba ka daɗe da fara aiki a jami'a ba nan Damagaram, aka sa ka tsaron jarrabawa, ka kama wani ɗalibi yana kwafe amsa daga waya, ka karɓe wayar ka fitar da shi daga amfi, kuma wayar tana gidanka har yau. Tun ranar saƙonnin barazana ke shigo maka ta WhatsApp daga lambobin da ba ka sani ba, manyan gidanku sun fara zuwa biko, jiya kuma sai ga kumbukashon, wato takardar sammaci, daga komisariya wai yaron ya kai ƙara ka ƙwace masa waya ka ci masa mutunci gaban jama'a. Kana so ka san abin yi, kuma kana so ka san yadda ma'aikacin jami'a zai tsare kansa gaba ɗaya. Na daɗe ina aiki a ɓangaren mulki da harkokin shari'a na manyan makarantu, irin wannan magana ta sha zuwa hannuna, saboda haka zan gaya maka yadda na san abin yake tafiya.

Abu na farko, tun kafin ka taka ƙofar komisariya, ka daina riƙe maganar nan a matsayin rigimarka kai da wani yaro. Ba kai ka sa kanka tsaron jarrabawa ba, hukumar jami'a ce ta sa ka, toh ita ce ya kamata ta tsaya a gaba kai kana bayanta. Amma fa hukuma ba ta sanin abin da ba a rubuta mata ba. Ko da ka tare dwayan, wato shugaban tsangayarku, a bakin masallaci bayan azahar ka ba shi labari daga farko har ƙarshe ya ce subhanallahi, a wurin doka bai sani ba. Yau ɗin nan ka zauna ka rubuta rapor, shafi ɗaya ya isa, rana da lokaci da sunan amfi da darasin da ake jarrabawarsa, su wa ke tsaro tare da kai, me ka gani da idonka, me ka ce, me yaron ya ce, ina wayar take. Kada ka sa zagi, kada ka sa zato, kada ka rubuta cewa dama an san shi da halin, abin da ka gani kawai. Ka miƙa ta hannun shugaban sashenku zuwa ga dwayan, ka haɗa da kwafin kumbukashon ɗin, sannan ka tsaya gaban sakatariya har a shigar da takardar cikin rajista a buga wa kwafinka hatimi da kwanan wata. Wannan kwafi mai hatimi, wato desharji, shi ne abu mafi daraja da za ka mallaka a duk rigimar nan, ka ɗauki hotonsa ka ajiye, ainihin takardar kuma ta kwana a gida ba a biro ba.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan takarda shi ne shari'ar da muke bi a Nijar ta bambanta laifin aiki da laifin mutum na ƙashin kansa. In kuskure ya faru cikin aikin da aka sa ka, a wurin aiki, bisa hanyar da aka tsara, to hukumar da ta sa ka ita ke ɗaukar nauyi, kuma dokar ma'aikatan gwamnati ta ɗora wa gwamnati kare ma'aikacinta daga barazana da zagi da duka in saboda aikinsa ne aka yi masa. In kuwa ka fita daga hanya ka yi abu da ra'ayinka, misali ka mari yaro ko ka tafi da kayansa gida ko ka yanke masa hukuncin da ba kai ke da ikon yankewa ba, sai a ce wannan naka ne kai kaɗai, ka nemi lauyanka da kuɗinka. Kusan duk ma'aikacin da na ga ya sha wuya a irin wannan, ba mugu ba ne, mutum ne da ya yi abu da kyakkyawar niyya amma ba shaida ba takarda, ranar da magana ta yi zafi kowa ya ce shi bai san an yi ba.

Toh a nan ne zan gaya maka gaskiya a kan wayar, don gara ka ji daga gare ni. Karɓe ta a lokacin jarrabawa daidai ne, aikinka ne ka tsayar da maguɗi. Tafiya da ita gida shi ne ya ba su ƙofa. Yadda ya kamata a yi, ka kira abokin tsaronka ya gani da idonsa tun wayar tana hannun yaron, a cika takardar maguɗi nan take ku sa hannu ku duka, a ba yaron ya sa hannu, in ya ƙi a rubuta cewa ya ƙi, a saka wayar a ambulan a liƙe a miƙa wa mai kula da jarrabawar. Kuma in ba yana tada hankalin ɗaki ba ne, ya fi a bar shi ya ƙarasa rubutunsa a sabuwar takarda, domin kai shaida ne, majalisar ladabtarwa ce mai hukunci, in ka kore shi ka riga ka yanke hukunci kafin a ji ta bakinsa, lauya mai wayo kuma da wannan kaɗai zai iya rushe komai. Abin da ya wuce ya wuce, amma gobe da safe ka kai wayar ofishin dwayan gaban shaida ka karɓi takardar cewa ka miƙa ta. Kada ka mayar wa yaron da ita a ɓoye ko ta hannun wani ɗan uwa, in ka yi haka shaidar maguɗin ta tafi, ƙarar da ya kai kuma tana nan. Dan Allah kuma kada ka buɗe ta ka shiga hotuna da saƙonninsa wai kana neman ƙarin hujja, bincikar waya aikin masu bincike ne da izinin alƙali, kuma muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumarta HAPDP, sirrin ɗalibi bai faɗi ba don an kama shi da sata.

Maganar komisariya kuma, ka je. Ƙin zuwa ba ya kashe magana, sai dai ya sa a zo a ɗauke ka gaban ɗalibanka. Amma ka je da shiri. Ka je da safe, in da hali farkon mako, kada ka yarda ka kai kanka ranar Juma'a da la'asar, don in abu ya cije sai ka kwana biyu kafin a samu wanda zai duba. Ka ɗauki katin ɗan ƙasa da katin aiki da kwafin raporka mai hatimi da jadawalin da ya nuna an sa ka tsaro ranar. Ka roƙi jami'a ta haɗa ka da wani daga ofishin babban sakatare, ka kuma sanar da wakilin sandika, in malami ne kai SNECS, in ma'aikacin biro ne ƙungiyarku, wani kuma a gida ya san inda kake da lokacin da ka shiga. Da ka zauna ka tambaya cikin ladabi a wane matsayi aka kira ka, shaida ko wanda ake tuhuma, kuma a kan me. Ka amsa abin da aka tambaye ka, ka tsaya a nan, kada zuciya ta ɗebe ka ka fara ba da tarihin lalacewar tarbiyyar yaran zamani. Wurin da mutane suka fi faɗawa shi ne sa hannu. Sau da yawa da Hausa ake hirar amma da Faransanci ake rubuta PV, wato takardar bayanin da ka bayar, kalma ɗaya kuma tana iya juya zance, "na karɓa" daban "na ƙwace" daban, toh ka karanta layi layi komai saurin da ake yi, abin da ba ka faɗa ba ka ce a gyara kafin ka sa hannu, wannan haƙƙinka ne ba rashin kunya ba ne.

In har aka ce za a tsare ka, wanda ban zaci za a kai can a irin wannan ƙara ba, ka sani tsarewar bincike a laifuffukan yau da kullum awa 48 ce, ba a ƙara ta sai da izinin mai gabatar da ƙara, wato prokirar na kotu. Kana da damar lauya, kuma ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta 2014 a kan aikin lauyoyi ta ce lauya na iya tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Matsalarmu a nan ita ce yawancin lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune duk da muna da babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara a Zinder, shi ya sa yake da kyau tun lafiya lau ka san lambar lauya ɗaya, ko ka tambayi sandika wa take aiki da shi. Akwai kuma hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 2011 don taimakon shari'a, tana da biro a manyan kotuna, ana ba da shawara kyauta, ko ba don kai ba ka san da ita saboda masu gadi da masu shara da ɗalibai marasa ƙarfi da wataran za su zo wurinka neman mafita.

Yanzu bari mu zo kan biko, don wallahi na san shi ya fi komisariyar hana ka barci. Damagaram gari ne da in aka bi salsala kowa ɗan uwan kowa ne, yaron da ka kama da safe kafin magariba an gano kakarsa da kakarka ɗaki ɗaya suka fito a Birni, ko babansa shi ya tsaya wa babanka a wani abu shekarun baya, sai ka ga kawu ya zo da kansa, ko limamin unguwa, ko a aiko wanda ba ka iya ɗaga ido ka kalle shi. Ni ban raina wannan ba ko kaɗan, sulhun manya shi ke riƙe da garin nan, rigingimu nawa aka kashe a zaure da a ce kotu aka je da har yau ana gaba. Amma kowane abu da wurinsa. In tsakaninka da abokin aiki ne kuka yi cacar baki, ko wani ya ci bashinka, ko ma zagin da yaron ya yi maka kai a karan kanka, wannan naka ne, kana iya yafewa, kuma in manya suka sa baki ni shawarata ka yafe. Maki kuwa da takardar jarrabawa da kuɗin jami'a da mutuncin ɗaliba ba naka ba ne balle ka yi kyauta da su. Yaran da suka kwana suna karatu a ƙarƙashin fitilar titi saboda an ɗauke wuta, waɗanda suka taso daga Tanut da Gure da Magarya ba su da kawu a cikin gari, haƙƙinsu ne ake roƙon ka bayar, su kuma ba wanda ya je ya tambaye su.

Kuma takardar nan da na ce ka rubuta ita ce za ta fitar da kai kunyar manya. Ka tarbi kawu da girmamawa, ka durƙusa ka gaishe shi, ka saurare shi har ya gama, sannan ka ce Kawu wallahi da a hannuna take da ba sai kun taso ba, amma magana ta riga ta hau sama, majalisa ce za ta zauna, yaron zai samu damar kare kansa, ni kuma ba zan ƙara masa ko kalma ɗaya a kan abin da na gani ba. Ba ƙarya ka yi ba, kuma dattijo ya san in abu ya fita daga hannun yaro. Wanda ya riƙe magana a aljihunsa shi ake matsa wa, don an san yana iya sakinta. In kana so ka taimaki yaron da gaske, ka ba su shawara ya janye ƙarar ƙarya ya je gaban majalisa ya amsa kuskurensa ya nemi sassauci, wannan ya fi yi masa amfani nesa ba kusa ba. Abin da ba za ka yi ba shi ne ciniki, wato ya janye ƙara kai kuma ka janye rapor, ranar da aka ji ka yi haka sau ɗaya shikenan an gano hanyar da ake bi da kai, kowace jarrabawa sai an kai ka komisariya.

Kyauta ma haka. Bayan biko sai ka ga an aiko da buhun shinkafa ko rago ana gab da salla ko an turo maka kuɗi ta waya wai na man babur. Ka mayar a ranar, gaban shaida, da magana mai daɗi, in ta waya ce ka mayar ta wayar ka ajiye saƙon. Karɓar abu don a canza maki ko a ɓatar da dosiye cin hanci ne a kundin laifuffuka, mai bayarwa da mai karɓa duka, wanda ya ba ka kuma ya riƙe ka har abada. In aikinka ya haɗa da kuɗi, na rajista ko na bincike ko na tafiyar aiki, kowane dala ya zama da rasit, ka ga dai tun 2023 da aka kafa CoLDEFF, hukumar yaƙi da almundahanar kuɗi, ana tono dosiyoyin shekarun baya, mutum ya manta da abu a zo a tambaye shi takardarsa.

Barazanar WhatsApp kada ka amsa ko ɗaya, kada kuma ka goge. Ka ɗauki hoton kowane saƙo yadda lamba da rana da lokaci za su fito, muryoyin ma ka adana, in abin ya yi yawa ka je wurin wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai tabbatar da abin da ya gani a rubuce, ya yi maka takardar shaida, tana da nauyi a gaban alƙali fiye da hoton waya kawai. Sannan ka kai ƙara, ko a komisariya ko jandarmari ko ka rubuta wasiƙa kai tsaye zuwa ga prokirar, ka kuma sanar da rakta, shugaban jami'a, a rubuce ka nemi kariya. Yi wa ma'aikaci barazana saboda aikinsa laifi ne mai zaman kansa. Amma ka kula da naka yatsan, don a nan ne mai gaskiya ke komawa mai laifi. Dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka sake tsaurara ta a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 a kan ɓata suna ko zagi ta waya da intanet, yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a kuma hukuncinsa ya fi haka. Kenan in ka saka hoton yaron a gurup na malamai ko a Facebook ka rubuta ga ɓarawon jarrabawa, ka ba shi ƙara ta gaskiya a kanka. Gurup ɗin da kake gani na abokan aiki ne kaɗai, kafin la'asar abin da ka rubuta ya kai fadar shayi a Sabon Gari.

Na ƴan makonnin nan ka rage zama kai kaɗai a biro bayan an tashi, ka riƙa canza hanya da lokacin komawa gida, kada ka je duk wani wurin da aka kira ka wai a sasanta in ba cikin jami'a ko gidan babban da ka sani ba, iyalinka su san kada a buɗe wa baƙo ƙofa da dare. Za a samu mai ba ka shawara ka nemi ƴan pale, wato gungun matasa ƴan daba, na unguwarku su riƙa raka ka ko su je su ja wa yaron kunne. Kada ka kuskura. Duk abin da suka yi da sunanka za a rubuta shi, kuma ka jawo rigimar unguwa cikin makaranta. In Allah ya kiyaye aka taɓa jikinka, asibiti za ka fara zuwa a ranar, babban asibitin Zinder ko wanda ya fi kusa, likita ya ba ka takardar shaida da ta nuna raunin da kwanakin da ba za ka iya aiki ba, don da ita alƙali ke auna girman laifin, in ka bari kumburi ya sace babu abin nunawa.

Tunda ka tambayi tsare kai gaba ɗaya, akwai abin da ya fi maguɗin jarrabawa kashe aikin malami, shi ne mu'amala da ɗalibai mata. Ganawa a biro, lokacin aiki, ƙofa a buɗe. Ba a gida ba, ba a otal ba, ba hirar dare a waya ba ko da gyaran memuwar ne, wato kundin kammala karatu, a turo ta imel ko a kawo takarda. Ba don ana zargin yaran ba nake faɗin haka, a'a, mafi yawan lokaci su ne ake cuta, kuma tun gyaran kundin laifuffuka na 2003 matsa wa mutum don neman lalata laifi ne a Nijar, in mai yin yana da iko a kan wadda yake matsa wa kamar malami da ɗalibarsa hukuncin ya fi nauyi. Wataran wata za ta shigo biro ɗinka tana rawar murya ta ce wani malami ya riƙe makinta sai ta je inda ya ce. Ranar nan ka san ba ƙaramin abu ta yi ba da ta iya buɗe baki, domin abin da take tsoro shi ne gida su ji a ce ta bar karatun a yi mata aure, ko gari ya ɗauka a ce ita ta kai kanta. Kada ka ce mata ta yi haƙuri, kada ka ce za ka yi wa malamin magana a gefe, wannan tona mata asiri ne kawai a wurin wanda ke riƙe da makinta. Ka saurara, ka gaya mata ta adana saƙonni, ka tambaye ta abin da take so a yi, ka haɗa ta da wata babbar malama ko ma'aikaciya da ta yarda da ita, in ta amince a rubuta zuwa sama a nemi wani daban ya gyara takardarta. Sunanta kuma kada ya fita daga bakinka a ɗakin malamai. Wanda ake zargi shi ma yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, shi ya sa ba kai za ka yi shari'ar ba, amma binne maganar saboda abokin aiki ne zalunci ne, kuma ni ban taɓa ganin wanda aka rufa wa asiri a irin wannan ya tsaya a kan yarinya ɗaya ba.

Ranakun yajin ɗalibai kuma, galibi a kan jinkirin bursi ne ko abinci da wurin kwana da motocin CROU, hukumar kula da walwalar ɗalibai, ba da kai ake ba, toh kada ka mai da kanka abin faɗan. In ƴan ƙungiya suka shigo suka ce a fita, ka tattara takardunka ka fita ka rubuta wa shugaban sashe cewa an katse darasi ƙarfe kaza, kada ka tsaya a bakin ƙofa kana musu, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar fuskokinsu. Ba kai ke kiran jami'an tsaro cikin kamfus ba, wannan hurumin rakta ne, kuma magana ce mai tarihi a ƙasar nan, ɗalibai ba su manta da 9 ga Fabrairun 1990 a gadar Kennedy ba inda aka kashe uku daga cikinsu, ba su manta da ɗalibin da ya rasu a Yamai ranar 10 ga Afrilun 2017 ba, a Fabrairun 2018 kuma hatsaniya tsakanin malami ɗaya da ƴan CASO, masu tsaro na ƙungiyar ɗalibai, ta jawo yajin aikin malamai na makonni da korar wasu shugabannin ɗalibai. Ƙaramin abu ke zama babba a wurin nan. In ka ji gari ya fara ɗaukar zafi, irin tarzomar da aka yi nan Zinder ranar 16 ga Janairun 2015 a kan zanen mujallar Charlie Hebdo, ka sallami ɗalibai da wuri, ka fitar da babur ko motarka daga bakin hanya, takardun jarrabawa a kulle su a inda aka tanada ba a jakarka ba.

Sauran hatsarin na yau da kullum ne kuma an fi raina su. Wayar wuta da ta tsufa, soket ɗaya an jona masa abu biyar, tukunyar gas a labo, amfi cike da mutane ƙofa ɗaya a buɗe sauran an sa kwaɗo, ga zafin Afrilu da Mayu ga ƙarancin ruwan da kowa ya sani a garin nan, yaro na iya faɗuwa ana tsakiyar jarrabawa. Ka riƙe 18 ta ƴan kwana-kwana da 17 ta ƴan sanda, ka san inda abin kashe gobara yake ka duba ko kwanansa bai wuce ba, duk abin da ka ga ya lalace ka rubuta ko da ka san ba za a gyara gobe ba. In mai aiki a ƙarƙashinka ya ji ciwo a bakin aiki ka sanar a ranar, masu kwantaragi da ke CNSS, asusun inshorar ma'aikata, awa 48 ne wa'adin bayyana hatsarin aiki. Fita da ɗalibai aikin fili kuwa, ko Mirya ce nan kusa, ba a yin ta sai da ordir da mishon, wato takardar izinin tafiyar aiki, mai ɗauke da sunan kowa, mota mai asiransi da direban da aka sani, a sanar da prefe ko hukumar gari da mai gari kafin a fara yi wa mutane tambayoyi ko ɗaukar hoto, a dawo kafin duhu. Wajen Diffa an sa dokar ta-ɓaci a 2015, hanyar arewa bayan Tanut ma ba a shigarta da ka, sai an tambayi hukumomin jiha, in akwai baƙo ɗan ƙasar waje a tawagar kuwa maganar ta wuce sashenku, daga rakta zuwa ofishin gwamna ake bi.

Yana iya faruwa kuma hukumar da kake jiran ta kare ka ita ce za ta aiko maka da takardar neman bayani a kan wayar da ta kwana gidanka. Kada ranka ya ɓaci, kada kuma ka ƙi amsawa, shiru ana ɗaukarsa kamar ka amsa laifi. Ka amsa a rubuce cikin wa'adin da aka ba ka, gajere, ka faɗi abin da ya faru da ranar da ka miƙa wayar ka haɗa da desharjinka, wakilin sandika ya karanta kafin ka miƙa. In aka kai ga majalisar ladabtarwa kana da damar ganin dosiyenka da zuwa da mai tsaya maka. In aka yanke abin da kake ganin zalunci ne, ma'aikacin gwamnati yakan fara da rubuta wa wanda ya yanke ko na sama da shi ya sake dubawa, daga nan sai alƙalin harkokin mulki, mai kwantaragi kuma wurin sufeton ƙwadago zai fara kamar yadda dokar aiki ta 2012 ta tsara. Wa'adin waɗannan ƙorafe-ƙorafe gajere ne ƙwarai kuma daga ranar da aka miƙa maka takardar ake fara lissafi, toh duk takardar da aka ba ka ka rubuta kwanan watan da ka karɓa kusa da sa hannunka, a makon kuma ka kai wa lauya ya gani.